“Ni Kam Na Yahe”: Nazarin Wata Rigimar Gado a Fadamar Argungu

Kalmomi huɗu ne suka raba kan ’ya’yan wani manomin shinkafa a wani ƙauye na ƙasar Argungu har tsawon shekara huɗu. Ɗaya daga cikin ’ya’yansa mata ce ta furta su a ɗakin mahaifiyarsu, tana durƙushe a gefen gadon jinya, ta ce: “Ni kam na yahe.” Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ko Sakkwato ko Zamfara ya san cewa “yahe” ita ce “yafe” ta daidaitacciyar Hausa, kamar yadda “tahi” take “tafi”. Babu wanda ya taɓa musanta cewa ta faɗi maganar, ita kanta ba ta musanta ba. Abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne abin da ta yafe ɗin, da kuma wanda ta yafe wa. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, kuma maƙwabcin kawunsu, saboda haka ne aka kira ni in riƙe alƙalami a ranar sulhu. Na sakaya sunayensu da sunan ƙauyen, domin darasin da ke cikin lamarin ba ya buƙatar a san su.

Mahaifinsu ya rasu ya bar mace ɗaya da ’ya’ya biyar, maza biyu da mata uku, dukansu ɗaki ɗaya. Lissafin gadon ba shi da wuya. Bisa aya ta 12 ta Suratun Nisa’i, matar mamaci tana da sumuni idan akwai ’ya’ya, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma bisa aya ta 11 namiji yana da rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar takwas, uwa ta ɗauki ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, shi ke nan babu saura. Haka aka raba gida da shanu da ’yan kuɗin da aka samu bayan sadakar arba’in. Gonar fadama kaɗai aka bari ba a raba ba, bisa hujjar da ake bayarwa a gidaje da yawa, cewa idan aka yayyanka ta ba za ta amfani kowa ba, gara babban wa ya ci gaba da nomawa yana ciyar da uwarsu. A lokacin babu wanda ya ga aibin haka. Matan uku duk suna gidajen aurensu, ta tsakiya a Jega, ƙaramin namijin kuma yana karatu.

Shekara bakwai babban wan yana noma gonar. Wata kakar ya aika wa ƙannensa da buhu ɗai-ɗai na shanshera, wata kakar ya ce ruwa ya ci amfanin, wata kuma ya yi shiru. A cikin waɗannan shekaru ne darajar fadama ta sauya a Jihar Kebbi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi, kuma a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Gonar da a da ake nomawa sau ɗaya da damina ta koma ana yi mata noman rani da injin ban-ruwa. Ƙannen suka fara jin labarin yawan buhunan da ake kwashewa, suka fara ƙorafi a bayan ido, ƙorafin kuma ya kai kunnen uwar tana kwance ba lafiya.

Wannan ne ya sa ta tara su. Ban da ’ya’yan biyar, akwai ƙanenta, wato kawunsu, da wasu maƙwabta mata biyu da suka zo dubiya. Ga yadda maganar ta gudana, bisa abin da kawun da matan biyu suka haɗu a kai daga baya. Uwar ta ce: “Ina son maganag gonag ga ta ƙare tun ina da rai. Ku yahe ma juna.” Babban wan ya amsa: “Inna, ni ma abin da nika so ke nan. In akwai haƙƙinku a kaina, ku yahe min.” Babbar mace ta sunkuyar da kai ta ce: “To, Inna, na hanƙura.” Ta tsakiya ta ce: “Ni kam na yahe.” Auta kuwa, tana kuka, ta ce: “Ni na bar ma Yaya rabona na gona, shi ci da iyalinai.” Ƙaramin namijin bai ce komai ba. Aka shafa fatiha aka watse. Bayan ’yan watanni uwar ta rasu.

Daga ranar babban wan ya ɗauka cewa matan uku duk sun fita daga gonar, saura shi da ƙanensa. Bai ɓoye wannan fahimta ba, har ya faɗa wa abokansa a majalisa cewa Allah ya ba shi ƙanne masu zumunci. Matan kuwa babu wadda ta tayar da maganar, domin bai dace a soma zancen gona ba tun ba a gama zaman makokin uwa ba. Sai da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, farashin shinkafa ya tashi, sannan ambaliyar 2020 ta cinye gonakin fadama da yawa a jihar ta bar manoma da bashi, ƙaramin namijin ya nemi a raba domin ya san nasa. Babban wan ya ce a kasa takwas kamar yadda aka yi a baya, a ba ƙanen nasa kashi biyu da rabin na uwarsu, sauran duk nasa ne. Ranar da labarin ya isa Jega, ta tsakiya ta hau mota ta zo ta sauka a gidan kawunsu, ta ce ita ba ta taɓa ba kowa gona ba.

A nan ya kamata a tsaya a dubi kalmar kanta, domin a cikinta rigimar take. “Yafe” aikatau ne, wato kalmar aiki, da ke neman abu biyu kafin ma’anarsa ta cika, abin da aka yafe da wanda aka yafe wa. Cikakkiyar jimla ita ce irin “na yafe wa Malam bashin” ko “ta yafe masa sauran sadakinta”, inda mutumin yake zuwa bayan “wa”, ko “ma” a karin harshen yamma, abin kuma ya biyo baya. Amma Bahaushe ba kasafai yake cika jimlar ba. Yakan ce “na yafe maka”, ya bar abin a zuci, ko ya ce “na yafe”, ya bar duka biyun. Wannan ba laifi ba ne a nahawu, domin Hausa tana barin a share karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, idan an riga an ambace shi. Idan aka tambayi mutum, “Ka sayi goron?” ya ce “Na saya”, kowa ya san goro ya saya, ba ya buƙatar maimaitawa. Sharaɗin kawai shi ne mai magana da mai sauraro su kasance suna kallon abu ɗaya. Idan a zancen da ya gabata an ambaci abubuwa biyu ko uku, to kowa zai cike gurbin da wanda ya fi kusa da zuciyarsa.

Sannan kalmar tana ɗauke da ma’anoni da suka yi kusa da juna amma ba ɗaya ba ne. Akwai yafe laifi, wato daina riƙon mutum a zuci, irin wanda ake nema ranar Sallah ko lokacin tafiya aikin Hajji. Akwai yafe bashi ko wani haƙƙi da ke wuyan mutum, kamar yadda malaman tafsiri suke fassara aya ta 237 ta Suratul Baƙara a kan matar da aka saka kafin tarewa, cewa tana da rabin sadaki sai dai idan ta yafe, ko aya ta 178 a kan dangin wanda aka kashe idan suka yafe ƙisasi. Akwai kuma yafe abu da nufin ba a so, kamar mai ciniki ya ji farashi ya ce “in haka ne na yafe”. Har ma akwai wata ma’ana mai nauyi da ke fitowa idan aka sauya wakilin suna. “Na yafe maka” afuwa ce, amma “na yafe ka” a bakin uwa mai fushi tana iya nufin ta sallama ɗan, ta cire shi daga lissafi, ko da yake mutane da yawa suna cewa “ka yafe ni” suna nufin neman gafara. Kalmar da harafi biyu ke juya ta daga rahama zuwa yankewa ba kalma ce da za a gina mallakar ƙasa a kanta ba tare da an tambayi mai ita abin da yake nufi ba.

Wani abokin babban wan, mai ɗan karatun Hausa, ya kawo mini wata hujja kafin ranar zaman, kuma ta cancanci amsa. Ya ce “yafe” tana cikin aikatan da ke ƙarewa da wasalin “e”, waɗanda masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya sa a aji na huɗu cikin azuzuwa bakwai da ya kasa aikatan Hausa a 1960, kuma sanannen halin wannan aji shi ne nuna ƙarewar abu gaba ɗaya, kamar “saye” da “kwashe” da “cinye”. Saboda haka, in ji shi, wadda ta ce “na yafe” ta yafe komai. Gaskiya ne ajin yana da wannan hali. Sai dai ƙarewar tana faɗawa ne a kan abin da ake magana a kai, ba ta tsallakawa zuwa wani. Wanda ya ce “na cinye” bayan an miƙa masa kwanon tuwo, tuwon kwanon ya cinye, bai cinye na tukunya ba. Hujjar tana nuna cewa abin da matar ta yafe ta yafe shi duka, ba ta nuna mene ne shi ba.

An yi zaman sulhun a zauren limamin ƙauyen bayan sallar La’asar, aka gayyato wani dattijo, tsohon alƙalin kotun shari’a da ya yi ritaya, ya jagoranta. Matan suna daga cikin soro na biyu, ana jin muryarsu. Babban wan ne ya fara, kuma ya yi magana da natsuwa. Ya ce: “Allah shi gafarta Malam, magana zarar bunu ce. Gaban Inna anka yi ta, kuma maganag gona Inna tac ce a ƙare. Auta ta ce ta bar min, ’yar’uwatta ta ce ta yahe. In ba gona ba, mi ta yahe?” Dattijon bai amsa masa ba. Ya juya wajen soron ya yi tambaya biyu da nake ganin su ne ya kamata a yi tun a ɗakin jinya: “’Yata, me kika yafe, kuma wa kika yafe wa?” Ta ce: “Baba, abin da yac ci na shekara bakwai, shi na yahe ma Yaya, don Inna ta tahi da farin ciki. Gona ta Baba ce, ban ba kowa ba.”

Abin da ya warware kullin shi ne jerin maganar. Babban wan yana tuna cewa auta ce ta fara magana, ta tsakiya ta bi bayanta, wanda idan haka ne, za a iya cewa gurbin da ta bari “rabona na gona” ne ya cike shi. Kawun ya ce ba haka aka yi ba, bisa girma suka yi magana kamar yadda aka saba, babba ta fara, auta ta rufe. Maƙwabtan biyu, da aka tambaye su daban-daban, suka faɗi haka. Shaidar kawun tana da nauyi domin ba shi da ko taƙi a gadon, tun da ’ya’ya maza suna kange ɗan’uwan mamaciya. Ke nan a lokacin da ta tsakiya ta buɗe baki, babu wanda ya riga ya ambaci bayar da rabo. Magana ta ƙarshe da ke jiran amsa ita ce roƙon babban wan, kuma shi da bakinsa ya ce “haƙƙinku a kaina”. Dattijon ya tsaya a kan wannan. Ya ce abin da ke kan mutum ko wuyansa bashi ne, gona kuwa a hannun mutum take, kuma da gona yake roƙo da ya ce “abin da ke hannuna”.

Da aka ba ni dama, na ƙara abu ɗaya da ya tsaya mini a rai tun ranar da na fara jin labarin, wato ƙaramar kalmar nan “kam”. Wanda yake bin sahun wani cewa yake “ni ma”. Da ta tsakiya tana bin auta wajen bayar da gona, da “ni ma na yahe” za ta ce. “Ni kam” kuwa ware kai ne daga wanda ya gabata. Wadda ta gabace ta ita ce babbar yayarta da ta ce “na hanƙura”, maganar da kowa ya ji akwai sauran ɗaci a cikinta. Ta tsakiya tana gaya wa uwarta ne cewa ita nata ya wuce haƙuri, ta wanke zuciyarta ga yayanta. Kowa a zauren, har da babban wan, ya tabbatar cewa “ni kam” ta ce, domin da wannan lafazin ya riƙa ba da labarin shekara huɗu.

Bayan harshe sai hukunci, kuma dattijon ya bi shi a hankali bisa mazhabar Malikiyya da kotunan shari’a na ƙasar nan ke aiki da ita. Ya bayyana cewa gado yana shiga mallakar magaji ne da zarar mai dukiya ya rasu, ko magajin ya so ko bai so ba, domin aya ta 7 ta Suratun Nisa’i ta kira shi rabo yankakke ga maza da mata. Saboda haka bashi ne ake sarayarwa da faɗar baki ya faɗi, amma gona ba ta faɗuwa, sai dai ta tashi daga hannu zuwa hannu ta hanyar kyauta ko ciniki ko sulhu. Ya kuma yi adalci ga babban wan, ya ce kyauta ba ta da lafazi guda da aka wajabta, duk maganar da ta fahimtar da bayarwa ta isa, har ma Malikiyya sun halatta kyautar abin da ba a san adadinsa ba. Da matar ta ce “na yafe maka rabona na gona”, da kyauta ta tabbata ko da ba a auna gonar ba. Amma ba ta ambaci gona ba, ba ta kuma ambaci wanda ta ba ba. Ya tambayi babban wan, ko da a ce gonar ta yafe, me ya sa za ta zama tasa shi kaɗai ban da ƙanensa, alhali babu “maka” a cikin maganar. Babban wan bai sami amsa ba.

Abokin nasa ya kawo batun hauzi, cewa shekara goma sha ɗaya ke nan gonar tana hannun mutum ɗaya, masu haƙƙi suna gani ba su yi magana ba, kuma an san shekara goma tana kashe da’awa. Dattijon ya ce wannan tsakanin bare da bare ne. Tsakanin ’yan’uwa, inda riƙon bai wuce zama a gida ko noma gona ba, malaman mazhaba sun kai wa’adin fiye da shekara arba’in, domin sun san ɗan’uwa yana yi wa ɗan’uwansa kara ya yi shiru a kan abin da ba zai yi wa bare shiru ba. Ya ƙara da ƙa’idar da malaman fiƙihu suka sani, cewa ba a jingina wa mai shiru magana. Wannan ƙa’ida ita ta tsare rabon ƙaramin namijin da bai ce uffan ba a ɗakin, kuma ita ta taimaki babbar mace. “Haƙura” aikatau ne ƙi-karɓau, ba ya miƙa komai ga kowa. Wanda ya haƙura ya daina nema ne, ya danne zuciyarsa, abin kuwa yana nan nasa. Da aka tambaye ta, cewa ta yi ta haƙura da ƙorafi don kada uwarsu ta kwana da baƙin ciki.

Maganar auta ce kaɗai aka samu cikakkiya. Ta yi amfani da “bar wa”, ta ambaci wanda ta ba, ta ambaci abin da ta bayar, gonar kuma tana hannun wanda aka ba. Duk da haka dattijon bai wuce ta da sauri ba. Ya karanto hadisin da ke cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, ya tuna cewa aya ta 4 ta Suratun Nisa’i ma da wannan sharaɗi ta halatta wa miji cin wani abu daga sadakin matarsa, sannan ya tambaye ta ko kukan ranar da kunyar uwa ne suka sa ta faɗi abin da ba ta nufa ba. Ta ce a’a, Yaya ne ya yi mata kayan ɗaki, kuma har gobe tana kan bakanta. Ya sa aka tambayi mijinta, domin a Malikiyya miji yana da ikon mayar da kyautar matarsa idan ta wuce sulusin dukiyarta, mijin ya ce ya sani tun lokacin kuma ya yarda. Sai dattijon ya fito da wani abu da babu wanda ya lura da shi. A ranar da auta ta yi kyautar uwarsu tana da rai, saboda haka rabon da ta bayar na gadon uba ne kawai. Sumunin uwar bai zama nasu ba sai bayan rasuwarta, kuma auta ba ta ambace shi ba. Idan aka kasa gonar 56, kowace mace tana da 7 daga uba da 1 daga uwa, kowane namiji 14 da 2. Babban wan ya tashi da 16 nasa da 7 na auta, wato 23, ƙanensa 16, babbar mace 8, ta tsakiya 8, auta kuma 1.

Akwai inda hukuncin ya juya kan ta tsakiya, kuma wajibi ne in faɗe shi. A cikin zafin rigimar ta riga ta gaya wa kawunsu cewa tun da abin ya zama haka, har amfanin shekara bakwai ɗin nan sai an biya ta. Dattijon ya ce wannan kam babu hanya. Da bakinta ta tabbatar a zauren cewa shi ta yafe, kuma bashin da aka yafe ba ya dawowa don mai shi ya yi fushi daga baya. A nan hujjar aji na huɗu ta yi aikinta daidai, abin da ta yafe ya yafu duka. Amfanin shekara huɗu da suka biyo baya kuwa bai shiga ciki ba, domin a ranar da ta yi maganar ba a ma shuka shi ba. A kan wannan ne aka yi sulhu na gaskiya, aka duba cewa babban wan shi ya sa iri da taki da man inji, shi ya ɗauki asarar ambaliya, aka yanka wani adadin buhuna da zai biya babbar mace da ta tsakiya cikin kaka biyu.

Tun da babban wan ne mai da’awar kyauta, shi ke da nauyin kawo shaida, kuma da ya rasa, yana da damar ya nemi ƙanwarsa ta rantse. Liman ya tambaye shi ko yana so. Ya daɗe bai ɗago kai ba, sannan ya ce ba zai sa ’yar uwarsa da ubansa ta dafa Alƙur’ani a kan ƙasa ba. Wannan ya ƙara tabbatar mini da abin da na riga na fahimta, cewa mutumin nan bai shirya cin amana ba. Ya ji abin da yake fatan ji ne, a rana mai nauyi, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaya. Inda nake ganin laifinsa shi ne shekara huɗun da ya yi yana ba da labarin kyautar a majalisa, bai taɓa zuwa Jega ya yi wa mai kyautar godiya ba, wanda da ya yi, da kuskuren ya fito tun a makon farko.

Ba zan ɓoye damuwata a kan yadda ake amfani da wannan kalma a kan mata ba. Ana neman yafiya ne galibi a lokacin da ƙin bayarwa yake kama da rashin imani, a gaban gawa, ko a gefen gadon mai jinya, ko ranar sadakar uku, a kuma gaban manyan da mace ba ta iya ɗaga kai ta dube su. Mai roƙo yana faɗin kalmar da ma’anarta ta addini, wadda babu mai tsoron Allah da zai ƙi, daga baya kuma a fassara amsar da ma’anarta ta dukiya. Ta tsakiya ta tsira ne domin kawunta yana raye kuma ya riƙe jerin maganar, maƙwabtan biyu ma suna raye. Da an ƙara shekara goma, da wuya a sami wanda zai tuna wace ce ta riga wata magana.

Da aka zo rubuta takardar sulhu, dattijon ya umarce ni kada in rubuta “yafe” ko sau ɗaya ba tare da na biyo ta da sunan wanda aka yafe wa da abin da aka yafe da iyakarsa ba. Jimlar ta tsakiya ta fito kamar haka, bayan sunanta da na mahaifinta: ta yafe wa yayanta, wane, dukan amfanin da ya ci daga rabonta na gonar fadama tun daga rasuwar mahaifinsu har zuwa ranar taron ɗakin mahaifiyarsu, rabonta na ƙasar gonar kuwa, kashi 8 cikin 56, yana nan a mallakarta. A jimlar auta muka bar “yafe” gaba ɗaya, muka rubuta cewa ta ba yayanta kyautar kashi 7 da ta gada daga uba. Aka karanta wa kowace tata sau biyu cikin karin harshenta, ta amsa, ta dangwala yatsa.

An auna gonar da igiya bayan an yanke shinkafar rani, aka kafa duwatsu a kan iyaka. Babbar mace ta ba yayan nasu hayar nata rabon, buhu kaza duk kaka, a rubuce. Auta ta haɗa ɗan kashinta ɗaya da na babbar yayarta. Ta tsakiya kuwa ɗanta na fari ne ke zuwa daga Jega yana noma mata, kuma a gidan kawun uwarsa yake sauka, ko da yake injin ban-ruwan babban wan ne yake ara.